Hartum da Sauran Sudan: Raddi ga Masu Cewa Faɗan Larabawa da Baƙaƙe Ne Kawai

Tun daga ranar 15 ga Afrilu, 2023, da bindiga ta fara tashi a birnin Hartum, da wuya ka zauna a wata majalisa, ko a ɗakin malamai ne, ko a teburin mai shayi, ko a taron marubuta, ba ka ji wani ya gyara zama ya ce zai warware maka rikicin Sudan cikin jimla guda ba. Kashi ɗaya cewa suke yi, "Ai faɗan Larabawa da baƙaƙen fata ne." Ɗaya kashin kuma su ce, "A'a, janar-janar biyu ne ke rigima a kan kujera." Daga nan sai a shafa fatiha a watse, kowa yana jin ya gane.

To, mu dai ba mu gamsu ba. Da a ce abin ya tsaya a hirar bakin titi, da mun yi shiru, domin maganar titi iska ke kwashe ta. Amma sai ga shi wannan gajeren bayani ya fara shiga maƙaloli da waƙoƙi da gajerun labaran 'yan'uwanmu marubuta, kuma abin da aka rubuta shi yara ke ɗauka a matsayin gaskiya. Abin da muke so mu kafa a nan shi ne: tun kafin a haifi waɗannan janar-janar, birni ɗaya da garuruwan bakin kogi da ke kewaye da shi sun tattare makaranta da asibiti da muƙami da jari, suka bar sauran ƙasar da hamma. Launin fata da asali su ne mudun da aka riƙa auna wanda za a ba da wanda za a hana. Duk wanda ya ɗauki mudun ya bar hatsin, bai fahimci kasuwar ba.

YADDA AKA GINA GIDAN

Mu malaman makaranta mun saba da taswira. Wanda duk ya rataya taswirar Sudan a jikin allo, abin da zai fara jan idonsa shi ne inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu. A nan Hartum take, da Umdurman, da Bahri, birane uku da ruwa ya raba. Kafin a tsaga ƙasar gida biyu a 2011, babu ƙasar da ta kai Sudan faɗi a Afirka, domin ta kusa murabba'in kilomita miliyan 2.5, wato ta ninka Nijeriya fiye da sau biyu da rabi. Amma in ka bi sawun kuɗin gwamnati, sai ka rantse ƙasar ba ta wuce tafiyar yini guda daga fadar shugaban ƙasa ba.

Turawan Ingila, waɗanda suka ci ƙasar tare da Masar a 1898, auduga suke nema wa masaƙunsu. Don haka suka gina madatsar ruwa ta Sinnar, suka buɗe gandun Jazira a 1925 a tsakanin kogunan nan biyu, suka shimfiɗa layin dogo zuwa bakin Bahar Maliya don fitar da kaya. Kwalejin Gordon, wadda daga baya ta zama Jami'ar Hartum, an buɗe ta tun 1902, kuma 'ya'yan mutanen bakin kogi ne suka cika ta. Darfur kuwa, wadda take daula ce mai sarkinta har zuwa 1916 lokacin da aka kashe Sarki Ali Dinar, sai aka bar ta a hannun sarakuna da hakimai, wai kada boko ya lalata musu tarbiyya. A 1935, makarantun gwamnati 4 kacal ke akwai a duk faɗin wannan lardi da ya haura rabin Nijeriya girma. Jirgin ƙasa bai isa Niyala ba sai 1959. Kudancin ƙasar kuma tun 1922 aka yi dokar da ta mai da shi rufaffen yanki.

Da lokacin tafiyar Turawa ya gabato, aka zo raba muƙamai kusan 800 da za su bari. 'Yan Kudu 6 suka samu. Hujjar da aka kafa ita ce ba su da takardun ilimi. Wa ya hana su makarantar? Ba a tambaya ba. A watan Agusta na 1955 sojojin Kudu suka yi bore a Torit, wato wutar ta kama tun watanni huɗu kafin a ɗaga tutar 'yanci ranar 1 ga Janairu, 1956.

Waɗanda suka gaji Turawa ba su rushe wannan gini ba, bene suka ɗora masa. A shekarar 2000 wasu mutane da suka ɓoye sunayensu suka rarraba wani kundi a Hartum da aka fi sani da Baƙin Littafi. Lissafi suka yi, minista bayan minista tun daga 1956, suka nuna cewa yankin arewa na bakin kogi, wanda yawan jama'arsa bai fi kashi 5 cikin 100 da 'yan kai ba, shi ke kwashe mafi yawan kujeru a kusan kowace gwamnati, ta soja ko ta farar hula, kuma ƙabilu uku ne ke kan gaba: Ja'aliyyin da Shaigiyya da Danagla. Bayan shekara biyar, a 2005, wani tsohon ministan kuɗi, Abdurrahim Hamdi, ya gabatar wa jam'iyya mai mulki takarda yana ba ta shawara ta zuba jarinta a yankin da ke tsakanin Dongola da Sinnar da Kordofan, tun da a can ƙuri'unta suke. Abin da 'yan tawaye ke faɗa daga daji, sai ga shi ɗan cikin gida ya rubuta shi da hannunsa.

ABIN DA AKWATIN ZAƁE YA NUNA

Masu cewa launin fata ne kaɗai ke juya siyasar Sudan, muna roƙon su duba zaɓen 1986, wanda aka yi bayan faɗuwar Ja'afar Numeiri. Jam'iyyar Umma ta Sadiƙul Mahdi ta samu kujeru kusan 100, jam'iyyar DUP ta gidan Mirgani ta samu 63, jam'iyyar NIF ta Hasan Turabi ta samu 51. A Darfur, Umma ta kwashe 34 daga cikin kujeru 39. Su wa suka jefa mata waɗannan ƙuri'u? Larabawa makiyaya da manoma baƙaƙe, a layi ɗaya, domin tun zamanin Mahadi yammacin ƙasar yake da jama'ar Ansaru, kuma Halifa Abdullahi da ya gaji Mahadi ɗan Darfur ne. In da fata ke zaɓe, da waɗannan mutane ba su haɗu a inuwa ɗaya ba.

Me suka samu a madadin wannan biyayya? Shugabannin jam'iyyar a Umdurman suke zaune, kuma sun saba aiko wa ƙauyawa ɗan takara daga birni kamar yadda ake aiko da buhun gishiri. Firayim Minista Abdallah Khalil, wanda ba ɗan yankin ba ne, daga mazaɓar Um Kaddada ta Darfur ya shiga majalisa a 1958. Wannan raini ne ya sa mutanen gefe suka fara kafa ƙungiyoyin kansu: 'yan ƙabilar Beja na gabas a 1958, 'yan Darfur a ƙarƙashin Ahmad Diraij a 1964, haka ma mutanen duwatsun Nuba. Kowanne da harshensa da kamanninsa, amma kukansu ɗaya ne: ina rabonmu?

Akwai kuma wani abu a zaɓen na 1986 da ya kamata ya sa mu 'yan boko mu sunkuyar da kai. An ware kujeru 28 na musamman domin masu ilimi mai zurfi, wato mai digiri yana da ƙuri'a biyu, manomi yana da ɗaya. Jam'iyyar NIF ta lashe 23 daga ciki. Bayan shekara uku, ranar 30 ga Yuni, 1989, wannan jam'iyya ce ta tsaya bayan Umar Albashir ya kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnati, ya zauna shekara 30. Saboda haka duk mai cewa jahilcin ƙauyawa ne ke ɓata siyasa, sai ya gaya mana wace gona aka noma wannan juyin mulki a cikinta.

Daɗin daɗawa, ƙauye ba ya zama a ƙauye har abada. A yunwar 1984 zuwa 1985 dubban mutane daga Kordofan da Darfur suka kwararo bayan garin Umdurman. Gwamnatin Numeiri, maimakon ta amsa cewa ana yunwa, sai ta riƙa kama su tana lodawa a manyan motoci tana mayar da su inda suka fito, abin da mutanen can ke kira kasha. Waɗanda suka tsira suka kafa unguwannin bukkoki a gefen birni. A zaɓen 1986 Filib Abbas Gabbush, jagoran 'yan Nuba, a unguwar Haj Yusuf ta cikin babban birnin ya ci kujerarsa. Ka ga ke nan iyakar da ke tsakanin birni da ƙauye ta taso daga jeji ta shigo cikin Hartum kanta, ta raba unguwa da unguwa.

WA KE RIƘE DA BINDIGAR?

Yanzu mu zo kan Janjawid, tun da su ne babbar hujjar abokan muhawararmu. Gaskiya ne, daga 2003 mahaya dawaki da raƙuma da ke kiran kansu Larabawa sun ƙona ƙauyukan Fur da Masalit da Zagawa, sun kashe, sun yi fyaɗe, kuma suna yi suna zagin launin waɗanda suke kashewa. Babu mai hankalin da zai musa wannan. Har Kotun Duniya ta ba da sammacin kama Albashir a 2009 da 2010 a kan abin da ya faru a can. Amma su wane ne waɗannan mahaya? 'Ya'yan attajiran Hartum ne? Ko kusa. Akasarinsu makiyayan raƙuma ne na arewacin Darfur, waɗanda tsarin rabon ƙasa na gargajiya bai ba yawancinsu yankin kansu ba, fari ya cinye musu dabbobi, kuma a wajen makaranta da asibiti suna cikin na can baya. Mutumin birni da ya ba su bindiga ba zai ba su 'yarsa aure ba. Ya ga yaƙi da sojan haya ya fi araha ne, kamar yadda gwamnatocin da suka gabata suka yi a shekarun 1980 da suka ba makiyaya makamai don su far wa 'yan Dinka. Talaka aka tura ya kashe talaka, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai dai wanda ya yi kiwon ɗan kura, ranar da ta girma shi za ta fara dubawa. A 2013 Albashir ya mai da waɗannan mayaƙa runduna ta musamman, RSF, a ƙarƙashin Muhammad Hamdan Dagalo, wanda ake kira Hemeti, tsohon mai fataucin raƙuma da bai yi nisa a makaranta ba. Ya samu zinariyar Jabal Amir, ya tura mayaƙa Yaman, ya yi ƙarfin da ya kai ya ja da sojan ƙasa. To, a nan ne maganar "Larabawa da baƙaƙe" take karyewa gaba ɗaya. Janar Abdulfatah Alburhan da Hemeti duk a Larabawa ake lissafa su, ɗaya na bakin kogi, ɗaya na jeji. Kuma ƙungiyoyin Minni Minnawi da Jibril Ibrahim, waɗanda suka fito daga tawayen baƙaƙen Darfur, a gefen sojan da suka yaƙa tun 2003 suka tsaya wajen kare Alfashir.

Mutanen Hemeti sun riƙa shelar cewa sun zo rushe "daular 1956" ne domin ƙwato wa mutanen gefe haƙƙinsu, kuma mun ji wasu a cikinmu sun fara tafa musu. Hattara! Waɗannan masu ƙwato haƙƙi su ne suka afka wa Masalit a Aljunaina a 2023, inda ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙiyasta an kashe mutum 10,000 zuwa 15,000, har da gwamnan jihar, Khamis Abakar. Su ne suka yi wa Alfashir ƙawanya wajen wata 18 kafin su shige ta a Oktoban 2025, aka yi ta'asar da duniya ta shaida. Kukan ƙauye gaskiya ne, amma ba duk wanda ya ɗauke shi a baki ne ɗan'uwan ƙauye ba.

Masu cewa faɗan janar biyu ne kuma, tambayarmu gare su ɗaya ce: janar shi kaɗai yake harbi? Dubun dubatar samarin da ke bin su, daga ina suke fitowa, kuma me ya sa bindiga ta fi musu kowace sana'a riba? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Janar-janar ƙadangaru ne. Tsagar ta girme su.

'YAN'UWANMU NA BAKIN SHUƊIN NILU

Wannan magana ba ta wasu can ba ce da ba mu haɗa komai da su ba. Shekaru aru-aru mutanenmu suna ratsa Sudan a ƙasa zuwa aikin Hajji, wasu su yada zango su yi noma don neman guzuri, zangon ya zama gida. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da guminsu da na 'yan Darfur aka noma aka tsinci audugar Jazira. Amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 cewa ta yi cikakken ɗan ƙasa na gado shi ne wanda kakanninsa ke zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Da alƙalami ɗaya aka mai da jikokin mutanen Burmi baƙi a garin da suka sare dajinsa. An sassauta dokar daga baya, amma tabon bai goge ba, kuma sunan Fallata da ake kiran su da shi a jumlace ya daɗe yana ɗauke da raini a bakin mutanen birni.

A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, irin su Barta da Hamaj. Mafarin abin shi ne Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya ta kansu, maƙwabtansu suka ce sarauta tana tafe da ƙasa, baƙo kuwa ba shi da ƙasa. Fiye da mutum 100 suka mutu a wannan watan, a Oktoba kuma aka kashe wajen 200 a yankin Wad Almahi. Hausawa suka fito zanga-zanga a Hartum da Kasala da Gadarif da sauran garuruwa. To, a nan ina Balaraben? Waɗanda suka kashe da waɗanda aka kashe duk baƙaƙe ne, duk manoma ne, a jihar da madatsar Rusairis take ba birane wuta alhali ƙauyukan da ke gindinta da yawa suna kwana cikin duhu. An bar su da ƙashi ne suna faɗa a kai, naman yana can inda aka saba kai shi.

Haka nan a Janairun 2025, bayan soja sun ƙwace Wad Madani daga hannun RSF, mayaƙan da ke mara wa soja baya suka far wa wasu daga cikin sansanonin 'yan ƙwadagon gona na Jazira, waɗanda ake kira kanabi, bisa zargin sun haɗa kai da abokan gaba. Mutanen kanabi zuriyar waɗanda suka zo aikin auduga ne daga yammacin Sudan da ƙasashen da ke bayanta. Sun shekara gommai a gefen gonakin da ba nasu ba, galibi ba makaranta, ba famfo, ba takardar fili. Yaƙi ya zo, kowane ɓangare ya ga su ne masu sauƙin tuhuma.

ABIN DA BA MU CE BA

Mun san za a ce muna wanke masu wariyar launi. Allah Ya kiyaye. Wariya tana nan a Sudan da ranta da lafiyarta. Ƙasar tana da tarihin cinikin bayi mai tsawo, musamman bayan mamayar Turkawa da Misirawa ta 1821, kuma kalmar da ke nufin bawa ta daɗe tana yawo a matsayin zagi ga mai duhun fata. Abin da muke cewa shi ne wariyar da rashin adalcin rabo tagwaye ne, ɗaya na shayar da ɗaya. An hana mutum makaranta saboda asalinsa, sannan an dawo an ce asalinsa ne ya sa bai iya karatu ba. Wanda ya yi maganar launi ya yi shiru a kan kasafin kuɗi, ya kama reshe ya saki tushe. Wanda kuma ya yi maganar kasafi ya ce babu wariya, ƙarya yake yi.

Ga wanda ke shakka, Sudan ta Kudu ta ishe shi misali. Jon Garang ya yi ta kiran a gina sabuwar Sudan da za ta haɗa duk mutanen gefe, na kudu da na yamma da na gabas, kuma ranar da ya shigo Hartum a Yulin 2005 taron da ya tarbe shi ya girgiza masu mulki. Bayan mako uku ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu. A 2011 'yan Kudu fiye da kashi 98 cikin 100 suka zaɓi ɓallewa. Aka rabu da Balarabe, aka ce an huta. A Disambar 2013 sai ga yaƙi ya ɓarke a Juba tsakanin mutanen Salva Kiir da na Riek Machar, baƙi da baƙi, domin Juba ta koyi halin Hartum: kuɗin mai ya tsaya a babban birni, a aljihun masu bindiga. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Kuma kada a ɗauka duk ɗan birni azzalumi ne. Boren da ya kayar da Albashir ranar 11 ga Afrilu, 2019, daga garuruwan larduna ya faro a Disambar 2018, irin su Damazin da Atbara, bayan kuɗin burodi ya ninka sau uku, sannan samarin Hartum suka karɓa. A zaman dirshan da suka yi a ƙofar hedikwatar soja an ji 'ya'yan birni suna neman afuwar Darfur a bainar jama'a. Abin a yaba ne, sai dai ya zo a makare. Ranar 3 ga Yuni, 2019, aka buɗe musu wuta, aka kashe fiye da mutum 100. A ranar ce da yawa daga cikinsu suka fara ɗanɗana abin da ƙauyukan yamma suka shekara 16 suna sha. A 2023 kuma wutar ta cinye birnin ɗungurungum, mutum fiye da miliyan 10 suka bar gidajensu a faɗin ƙasar. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

GEMUN ƊAN'UWA

Ba mu ce Nijeriya ko Nijar Sudan ce ba. Kowace ƙasa da irin tarihinta. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu da muke jin zafin an kira Bahaushen Damazin baƙo, mun manta cewa a nan gida yaro ba ya samun gurbin karatu ko aikin gwamnati sai ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma? Maganar ɗan ƙasa da baƙo ce ta zubar da jini a Zangon Kataf a 1992 da Jos a 2001. A wani gari mu ake kira baƙi, a wani garin kuma mu ne masu kiran wasu.

Batun birni da ƙauye kuwa, a ajinmu muke ganinsa kowace shekara. Yaro zai zo aji ɗaya daga ƙauye, daga firamaren da malami guda ke riƙe da aji uku, a zaunar da shi kusa da ɗan birnin da ya yi nazare. Ya buɗe baki ya yi magana da karin harshen garinsu, aji ya fashe da dariya, a laƙaba masa "baƙauye" har ya gama. Wasu sukan jure, wasu kuwa ba sa dawowa bayan hutun farko, kuma ba mai zuwa neman su. Ina yaran nan suka koyi wannan dariya? Wani ɓangare daga gare mu. A littattafanmu da wasanninmu, baƙauye shi ne wanda ke tsoron fanka, Bafulatanin daji shi ne wanda ake damfara a kasuwa, jarumi kuwa kullum a unguwar masu kuɗi yake, da mota da gidan bene. Mun shekara muna koya wa masu karatu cewa mutumin karkara abin dariya ne, sannan da dajin Zamfara da Katsina ya kama da wuta muka riƙe baki muna tambaya daga ina waɗannan mutane suka ɓullo. Ba muna ba ɗan ta'adda uzuri ba ne. Wanda ya kashe rai ya ɗauki alhakinsa, kuma waɗanda ya fi kashewa ƙauyawa ne 'yan'uwansa. Tambayar da muke yi ita ce, shekara nawa wannan daji ya yi ba makaranta, ba asibiti, ba alƙali mai adalci, alƙalumanmu suna ina?

Saboda haka muna kira ga duk wanda zai ɗauki alƙalami a kan Sudan, ko a kan kowace ƙasa da jama'arta suka bambanta, ya yi wa kansa tambaya uku kafin ya rubuta layin farko. Ina aka gina makarantu da hanyoyi, ina aka tsallake? Wa doka ta kira ɗan ƙasa, wa ta kira baƙo, kuma wa ya rubuta dokar? Wanda ke riƙe da bindiga, wa ya saya masa, kuma wa ke cin ribar harbin? In ya amsa waɗannan, to ya yi maganar launi da ƙabila, zai same su a zaune daram a inda suka dace. In kuwa ya tsallake su, to ya sani yana taya masu mulkin Hartum aikin da suka fi ƙwarewa a kai tun 1956, wato su sa talakawa su riƙa duban fatar juna don kada su dubi baitulmali.

Masu ƙagaggun labarai kuma, muna roƙon a ba mutumin ƙauye hankali da zuciya da suna a cikin littafi, a bar shi ya yi magana da bakinsa, ya yi daidai ya yi kuskure kamar kowa. Yaron nan da ke zaune a bencin baya yana karanta abin da muke rubutawa, kuma yana gane kansa a ciki.

Mun faɗi namu. Wanda yake ganin mun kauce, fili a buɗe yake a fitowa ta gaba, sai dai muna roƙon ya zo da shekara da adadi da sunan gari, kada ya zo mana da jimla guda.